Harajin da Muke Biya da Aikin da Gwamnati Ke Yi Mana: Tambayoyi da Amsoshi

Duk ƙasar da aka ƙara haraji, abin da ke fara fitowa daga bakin jama'a shi ne, "To, me muke gani a ƙasa?" Tambaya ce mai kyau, sai dai akwai wasu tambayoyin da dama dunƙule a cikinta. Ga su nan an warware.

Shin haraji kuɗin sayen hidima ne, in biya gwamnati ta yi mini aiki daidai kuɗina?

A'a. A dokar kusan kowace ƙasa haraji ba ciniki ba ne. Ƙungiyar OECD, wadda ke tattara alkaluman haraji na ƙasashe masu yawa, tana ɗaukarsa a matsayin kuɗin da ake biya wa gwamnati bisa dole, ba tare da sharaɗin ta mayar wa wanda ya biya wani abu gwargwadon abin da ya bayar ba. A nan ne ya rabu da kuɗin fasfo, ko na lasisin tuƙi, ko na ruwan famfo da mita ta ƙidaya. Waɗannan in ka biya aka hana ka, kana da bakin kai ƙara, domin takamaiman abu ka saya. Haraji kuwa asusu ɗaya yake faɗawa, ya gauraya da na miliyoyin mutane, sannan majalisa ta raba shi a kasafin kuɗi. Da zarar ya shiga, babu mai iya nuna nasa.

Masana tattalin arziki sun daɗe suna ja-in-ja kan ƙa'idoji biyu. Ta farko ta ce kowa ya biya gwargwadon amfanin da yake samu daga gwamnati. Masanan Suwidin biyu, Knut Wicksell a 1896 da ɗalibinsa Erik Lindahl a 1919, su suka fi yi wa wannan ra'ayi hidima. Ta biyu ta ce kowa ya biya gwargwadon ƙarfinsa, ko ya amfana ko bai amfana ba. Adam Smith, tun a 1776, ya haɗa biyun a magana guda: 'yan ƙasa su biya gwargwadon halinsu, wato gwargwadon abin da suke samu a ƙarƙashin kariyar hukuma. A aikace, ƙa'ida ta biyu ce ta rinjaya a harajin albashi da na ribar kamfanoni, ta farko kuma ta tsira a irin kuɗin da ake karɓa a ƙofar babbar hanya da gudummawar fansho.

Amma kada wani mai mulki ya laɓe a bayan wannan bayani. Cewa babu ciniki tsakanin gwamnati da mutum ɗaya ba ya nufin babu alkawari tsakaninta da jama'a baki ɗaya. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Malaman tarihi irin su Balazuri sun ruwaito cewa gab da yaƙin Yarmuk a shekarar 636, da rundunar Musulmi ta ga za ta janye daga garin Hims na ƙasar Sham, sai ta mayar wa mutanen garin harajin da ta karɓa, tun da ba za ta iya ba su kariyar da aka karɓi kuɗin dominta ba. Ba kowane mutum aka yi wa lissafin abin da ya mora ba. Gari aka yi wa alkawari, gari aka mayar wa kuɗinsa.

Me ya sa ba za a bar kowa ya sayi abin da yake buƙata da kansa ba?

Saboda akwai abubuwan da ba sa sayuwa ɗai-ɗai. Sojan da ke tsare iyaka ba zai iya tsare wanda ya biya ya bar wanda bai biya ba. Fitilar titi tana haska duk mai wucewa, kuma hasken da wani ya samu ba ya rage na wani. Masanin tattalin arziki Paul Samuelson na Amurka ya tsara wannan bayani da lissafi a 1954, amma mutane sun san matsalar tun kafin a haife shi: in aka ce biya ganin dama ne, kowa zai jira maƙwabcinsa ya biya shi kuma ya ci bulus, a ƙarshe ba a kafa fitilar ba. Tilascin da ke cikin haraji maganin wannan jiran ne.

Akwai kuma abubuwan da ana iya sayar da su, amma amfaninsu yana tsallake wanda ya saya. Allurar rigakafi ta kare yaron da aka yi wa, ta kuma kare na kusa da shi. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cewa an kawar da cutar agana daga doron ƙasa. Duk wanda aka haifa bayan nan ya ci moriyar wannan aiki, kuma babu wanda zai kawo masa takardar biya. Haka kotu take: ɗan kasuwar da bai taɓa shiga kotu ba yana amfana da ita kullum, domin sanin cewa tana nan shi ke sa abokin hulɗarsa ya cika alkawari.

Raba abin da ya kamata baitulmali ya ɗauka da abin da ya kamata mai amfana ya biya tsohon aiki ne. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, a shawarwarin da ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid kan haraji, ya bambanta manyan ayyukan ruwa da kowa ke amfana da su, waɗanda ya ɗora wa baitulmali, da ƙananan magudanan da ke kai ruwa gonakin wasu mutane sanannu, waɗanda ya ce masu gonakin su ɗauki nauyinsu. Har yau gardamar kasafin kuɗi a kan wannan layin take kai-komo.

Ni ba ni da albashi, ban taɓa cike takardar haraji ba. Ina da bakin magana kuwa?

Kana da shi, domin kana biya. Harajin VAT, wanda Faransa ta fara a 1954 kuma yanzu ƙasashe sama da 170 ke karɓa, a cikin farashin kaya yake ɓoye. Haka kuɗin kwastan na kayan da aka shigo da su, da harajin man fetur, da na kiran waya a ƙasashen da ke karɓarsa. Ko harajin da aka rubuta da sunan wani, sau da yawa kanka yake saukowa: mai gida ya tura na gidansa cikin kuɗin haya, kamfani ya tura wani kaso na nasa cikin farashi.

Irin wannan haraji ma ya fi cizon mai ƙaramin ƙarfi, domin shi kusan duk abin da ya samu kashewa yake yi, mai hali kuwa yana ajiye wani abu. Shi ya sa ƙasashe da dama ke cire kayan abinci na yau da kullum da magunguna daga VAT. Illar harajin ɓoye ita ce mai biyansa bai san yana biya ba, sai ya riƙa ɗaukar asibitin gwamnati da makarantarta kamar wata alfarma da shugaba ya yi masa.

Wa ya fi cin riba a wannan tsari, wa ya fi faɗuwa?

Ya danganta da tsawon lokacin da ka ɗauka ka yi lissafin. In shekara ɗaya ka duba, ma'aikaci lafiyayye mai shekara arba'in yana ba da fiye da abin da yake karɓa, yaro ɗan firamare da tsohon da ke jinya kuma suna karɓar fiye da abin da suke bayarwa. In ka duba rayuwar mutum tun daga haihuwa har tsufa, sai ka ga ashe mutum ɗaya ne ya bi ta matakan uku. Babban kaso na abin da ake gani kamar an ƙwace daga wani an ba wani, a ƙasashen da ke da fansho da ilimi kyauta, mutum ne yake biya a tsakiyar rayuwarsa abin da ya ci a farkonta da wanda zai ci a ƙarshenta.

Tsakanin mai kuɗi da talaka kuwa, da gangan aka tsara mai kuɗi ya ba da fiye da abin da za a kashe a kansa kai tsaye. Masu kare wannan tsari suna da hujja: wanda ya fi dukiya ya fi buƙatar 'yan sanda, da rajistar filaye, da tashar jiragen ruwa, da ma'aikatan da makarantun gwamnati suka koya wa karatu. Sai dai ba ko'ina tsarin ke tafiya yadda aka rubuta shi ba. Inda gwamnati ta dogara da harajin kaya, sannan ta zuba kuɗin a tallafin da masu motoci suka fi mora, ko a unguwannin manya a babban birni, sai lamarin ya juye: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Irin wannan ƙorafi yana tashi tsakanin yankuna ma. A Jamus akwai tsarin da jihohi masu arziki ke tallafa wa marasa ƙarfi. Jihar Bavariya ce ta fi kowa zubawa, Balin, babban birnin ƙasar, ta fi kowa karɓa, har Bavariya ta kai ƙara kotun tsarin mulki a 2023. Abin da masu sukarta ke tuna mata shi ne ita ma karɓa take yi har cikin shekarun 1980.

Ƙasar da ta fi karɓar haraji ita ta fi yi wa mutanenta aiki?

Galibi haka ne, amma ba doka ba ce. Ana auna nauyin haraji da kason da ya ɗauka daga jimillar arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. A ƙasashen OECD, waɗanda galibinsu masu arziki ne, matsakaicin ya kai kimanin kashi 34 cikin 100. Faransa da Denmak sun haura kashi 40. Amurka ba ta kai 30 ba. Matsakaicin ƙasashen Afirka kuwa wajen kashi 16 ne. Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya sukan ɗauki kashi 15 a matsayin mafi ƙarancin abin da gwamnati ke buƙata don ta iya gudanar da ayyukan tilas, kuma ƙasashe da yawa ba su kai ko wannan ba.

Akwai wani lissafi mai sauƙi da ba a cika yi ba. Ɗauki ƙasar da arzikinta, in an raba wa kowa, mutum zai tashi da dala 2,000 a shekara. Kashi 16 na wannan dala 320 ke nan. Daga ciki za a yi wa mutum ɗaya tsaro, da hanya, da makaranta, da asibiti, a kuma biya bashi, shekara guda cur. Ƙasar da rabon kowa ya kai dala 60,000, tana karɓar kashi 40, tana da dala 24,000 a kan kowane mutum. Ko da ba a saci sisi ba, ƙasar farko ba za ta gina asibitin ta biyu ba. Ba don a wanke ɓarayi aka kawo wannan ba. Akasin haka ma: inda kuɗin bai taka kara ya karya ba, nan ne satar ta fi kisa.

Singafo takan zama hujjar masu cewa ana iya samun aiki mai kyau da haraji kaɗan, kuma gaskiya ne harajinta bai kai rabin na Faransa ba. Amma tun 1955 tana da asusun ajiyar dole, wanda a yanzu ma'aikaci mai matsakaicin shekaru ke zuba kashi 20 na albashinsa, mai ɗaukarsa aiki ya ƙara kashi 17, daga nan ake biyan gida da jinya da fansho. Ba a kiransa haraji, amma albashin ya san an taɓa shi.

To ina kuɗin ke maƙalewa tsakanin ofishin haraji da ajin makaranta?

Sata ce ke fara zuwa ran kowa, kuma tana nan, amma kafin a kai gare ta akwai masu rabo da doka ta amince da su. Na farko masu bin bashi. Kuɗin ruwa ba ya jira, ana cire shi kafin a sayi alli. Hukumar UNCTAD ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutane biliyan 3.3 na zaune a ƙasashen da ke kashe wa kuɗin ruwan bashi fiye da abin da suke kashe wa ilimi ko lafiya. Mutumin irin wannan ƙasa, in ya ce ba ya ganin harajinsa, gaskiya ya faɗa: wani ɓangare nasa yana biyan aikin da aka yi, ko aka ce an yi, shekara goma ko ashirin da suka wuce.

Na biyu albashi da fansho da gudanar da ofisoshi. Ba duka ne ɓarna ba, domin albashin malami shi ne ilimin, albashin ungozoma shi ne lafiyar. Matsalar tana farawa ne in an biya malamin bai zo aji ba, ko sunan da ke kan takardar albashin ba mutum ba ne.

Na uku shi ne kuɗin da tun farko bai shigo ba: rangwamen haraji da ake yi wa manyan kamfanoni, da ribar da ake karkatarwa zuwa tsibiran da ba sa karɓar haraji. Takardun sirri na wani kamfanin lauyoyi na ƙasar Panama da aka fallasa a 2016 sun nuna yadda ake yi. A watan Oktoban 2021 ƙasashe 136 suka amince da mafi ƙarancin haraji na kashi 15 a kan manyan kamfanonin duniya don rage wannan gudun.

Sai na huɗu, yoyon da ke kan hanya. Misalin da ya fi shahara daga Yuganda ya fito. Masu bincike biyu, Ritva Reinikka da Jakob Svensson, sun bi sawun kuɗin da gwamnatin tsakiya ke aika wa makarantun firamare don sayen kayan aiki tsakanin 1991 da 1995. Sun gano cewa kashi 13 cikin 100 ne kawai ke isa makarantun a matsakaici, da yawa ma ba su ga ko ƙwandala ba. Sauran ya narke a ofisoshin gundumomi. Sai gwamnati ta fara buga adadin da ta aika wa kowace gunduma a jaridu duk wata, ta kuma sa makarantu su liƙa abin da suka karɓa a allon sanarwa. Da aka sake bincike a 2001, abin da ke isa ya haura kashi 80. An yi wasu gyare-gyaren a tsakani, don haka ba jarida kaɗai ta yi aikin ba, amma makarantun da ke kusa da inda ake sayar da jarida sun fi samun ƙarin. Ba a ƙara wa kowa haraji ba a wannan labari. Shugaban makaranta da iyayen yara ne suka san nawa aka aiko.

Me zai hana a ce wannan harajin na hanya ne, wancan na asibiti, kowa ya ga inda nasa ya tafi?

An gwada, ana kuma kan yi. Inda ya fi riƙewa shi ne inshorar ma'aikata. Shugaban gwamnatin Jamus Bismarck ya kafa ta lafiya a ƙasar a 1883, ta haɗarin aiki a 1884, ta tsufa a 1889, kuma ƙasashe da yawa sun kwafa. A nan akwai igiya tsakanin biya da karɓa: a Amurka sai mutum ya yi kimanin shekara goma yana zubawa kafin ya cancanci fanshon gwamnati, a Birtaniya sai shekara 35 kafin ya samu cikakke a sabon tsari. Gana ma tana karɓar kashi 2.5 a kan kaya don inshorar lafiya.

A sauran fannoni igiyar kan tsinke. Birtaniya ta kafa asusun hanyoyi a 1920 da kuɗin lasisin mota. Ba a jima ba ministocin kuɗi, har da Winston Churchill, suka fara ɗiba don wasu buƙatu, zuwa 1937 aka mayar da kuɗin babban asusu. Amurka ta kafa nata a 1956 da harajin mai, amma harajin ya tsaya a santi 18.4 kan kowane galan tun 1993, kuɗin gyaran hanya kuwa bai tsaya ba, don haka tun 2008 majalisa ke cike giɓin daga babban asusu.

Akwai kuma wata dabara da ya kamata a sani. Gwamnati ta ƙirƙiro sabon haraji ta ce na lafiya ne, jama'a su yarda, sannan ta rage abin da take ba ma'aikatar lafiya daga babban asusu daidai abin da sabon harajin ya kawo. A takarda an cika alkawari, a asibiti babu abin da ya ƙaru. Saboda haka sunan da aka raɗa wa haraji ba shi ne abin dubawa ba. A duba jimillar abin da aka kashe wa fannin kafin harajin da bayansa.

In gwamnati ba ta yi aiki ba, ina da ikon in ƙi biya?

A gaban kotu, a'a. Kotuna ba sa karɓar lalacewar hanya ko rashin magani a asibiti a matsayin uzurin ƙin biyan haraji, haka ma ƙin yarda da abin da ake kashe kuɗin a kai. A 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke wa wani manomi ɗan ɗariƙar Amish, wanda ya ce addininsa ya hana shi shiga tsarin fanshon gwamnati, cewa dole ya biya kason ma'aikatansa. Dalilin alƙalan shi ne in kowa zai zaɓi abin da zai biya wa, tsarin ba zai tsaya ba. Wanda ya ƙi biya shi kaɗai, tara ce ke jiransa.

Jama'a a dunƙule kuwa labarinsu daban ne, kuma rabin tarihin majalisu a kan wannan ya ginu. A 1215 manyan Ingila suka tilasta wa Sarki John ya buga hatiminsa a kan yarjejeniyar cewa ba zai ɗora wasu nau'o'in haraji ba sai da yardarsu. Harajin tambari da Birtaniya ta ɗora a 1765 ya sa mazauna Amurka, da ke ƙarƙashinta a lokacin, suka ce ba za su biya abin da majalisar da ba su da wakili a cikinta ta yanka ba. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Faransa ta 1789 ta fi kowa fayyacewa: sashe na 14 ya ba 'yan ƙasa ikon tantance ko ana buƙatar harajin, da amincewa da shi, da bin sawun yadda aka kashe shi, sashe na 15 kuma ya ba al'umma ikon tuhumar kowane ma'aikacin hukuma. A zamaninmu, harajin kai da Firayim Ministar Birtaniya Margaret Thatcher ta kawo, wanda ya sa attajiri da lebura biyan abu ɗaya, ya jawo tarzoma a Landan a watan Maris na 1990, kafin shekarar ta ƙare ta sauka. A watan Yunin 2024 zanga-zangar matasan Kenya ta sa Shugaba William Ruto ya janye dokar ƙarin haraji, bayan an rasa rayuka.

Na kai 'ya'yana makarantar kuɗi, ina zuwa asibitin kuɗi, na haƙa rijiyata. Ba za a rage mini ba?

A mafi yawan ƙasashe ba za a rage ba, sai ɗan sassauci nan da can. Jamus, alal misali, tana barin iyaye su cire kashi 30 na kuɗin makaranta mai zaman kanta daga abin da za a yanka wa haraji, iyakarsa yuro 5,000 a shekara. Ƙorafin biya sau biyu yana da tushe, musamman inda ba son ransa ne ya kori mutum daga makarantar gwamnati ba, lalacewarta ce. Amma akwai wata asara da ba ta fitowa a lissafi. Masu iya ficewa su ne masu murya, waɗanda in sun buga tebur ake saurare. Ranar da suka kwashe 'ya'yansu, makarantar ta rasa mai yi mata faɗa, ta ƙara lalacewa, wasu ma su fice. Daga nan masu hali su fara ganin haraji asara ce tsantsa, su nemi hanyar zille masa.

Na fitar da zakka. Ba ta isa ba?

Hanyarsu ba ɗaya ba ce. Zakka ibada ce mai nisabi da adadi sananne, kuma aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade rukuni takwas da za a ba. Jumhurun malamai ba su ɗauki gina hanya ko gada cikin waɗannan rukunai ba, kuma sun tafi a kan cewa biyan haraji ba ya sauke zakka. Wasu ƙasashe dai sun daidaita biyun: a Malesiya ana cire zakkar da mutum ya ba hukumar da aka amince da ita daga harajin da ake bin sa.

Ƙasashe masu arzikin mai fa, ba ga shi suna yin aiki ba tare da haraji ba?

Suna yi, muddin farashin mai na sama kuma mutanen ƙasar ba su da yawa. Saudiyya ba ta karɓar harajin albashi, amma da farashi ya faɗi ta kawo VAT na kashi 5 a watan Janairun 2018, ta ninka shi uku zuwa kashi 15 a watan Yulin 2020. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta fara karɓar kashi 9 daga ribar kamfanoni a 2023.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne wa gwamnati ke jin tsoro. Wadda kuɗinta ke fitowa daga aljihun 'yan ƙasa tana buƙatar kasuwancinsu ya bunƙasa, tana kuma buƙatar lallashinsu. Wadda kuɗinta ke ɓulɓulowa daga rijiya, ko ke zuwa daga masu ba da agaji, tana iya rayuwa ko da jama'a sun tsiyace. Su ma jama'ar ba sa jin zafin kuɗin da ba daga hannunsu ya fita ba. Wani bincike da Jonathan Weigel ya yi a birnin Kananga na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ya nuna cewa unguwannin da aka bi gida-gida ana karɓar harajin gidaje a 2016, mutanensu sun fi halartar tarukan da ake tuhumar hukuma. Nowe ta ga wannan tarko ta kauce masa: ta kafa asusun mai a 1990, kuɗin farko ya shiga a 1996, gwamnati ba ta taɓawa sai kimanin kashi 3 na asusun a shekara, 'yan ƙasa kuma suna ci gaba da biyan haraji mai nauyi.

Ta yaya mutum zai bi sawun kuɗin da kansa?

Takardu uku ne, kuma kowa ta farko yake karantawa. Kasafin kuɗi alkawari ne. Rahoton aiwatar da kasafi shi ke nuna abin da aka saki. Rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasa shi ke nuna ko an kashe inda aka ce. Ɗauki aiki ɗaya da ka sani, gada ko ɗakin shan magani, ka neme shi a takardun uku, sannan ka je ka gani da idonka. Ƙasashe sama da 100 suna da dokar da ta ba ɗan ƙasa ikon neman bayanai daga hukuma.

Wasu gwamnatocin su suke kawo bayanin har gida. Tun 2014 Birtaniya da Ostireliya ke ba mai biyan haraji takardar da ke nuna yadda aka rarraba abin da ya biya fanni-fanni. Birnin Porto Alegre na Burazil ya fara a 1989 barin mazauna unguwanni su zaɓi ayyukan da za a yi da wani kaso na kasafin birni. A Nowe kowa na iya duba harajin da wani ya biya a intanet, sai dai tun 2014 wanda aka duba yana ganin sunan wanda ya duba shi.

In an rage haraji, ko gwamnati ta ci bashi ko ta buga kuɗi, ba mun huta ba?

Aikin gwamnati ba ya zuwa kyauta, sai dai a sauya wanda zai biya da ranar biya. Bashi haraji ne da aka ɗaga zuwa gobe, da kuɗin ruwa a kai. In tashar wuta ko layin dogo aka gina da shi, adalci ne waɗanda za su mora nan gaba su taya biya. In albashin bana aka biya da shi, an ɗora wa yaran da ba su ci komai ba. Buga kuɗi kuwa haraji ne da ba ya bi ta majalisa: farashi ya tashi, darajar abin da ke hannun mai albashi da mai ɗan ajiya ta zube. Zimbabuwe ta bi wannan hanya har ta buga takardar dala tiriliyan 100 a farkon 2009, kafin ta jingine kuɗinta gaba ɗaya a shekarar.

Rage haraji yana da amfani inda ya yi nauyin da ke kashe sana'a. Ibn Khaldun ya lura tun ƙarni na 14 cewa dauloli a farkonsu haraji kaɗan suke yankawa su tara da yawa, a ƙarshensu su yanka da yawa su tara kaɗan. Amma ragewa ba tare da an rage kashewa ba wani abu ne daban. A ƙarshen 2019 gwamnatin Siri Lanka ta sauko da VAT daga kashi 15 zuwa 8, ta kuma fitar da ɗimbin mutane daga harajin albashi. Kuɗin shiga ya faɗi, annobar korona ta tsayar da masu yawon buɗe ido, masu ba da rance suka janye. A 2022 ƙasar ta kasa biyan bashinta na waje karo na farko a tarihinta, man fetur da magunguna suka yanke, Shugaba Gotabaya Rajapaksa ya gudu daga ƙasar a watan Yuli. Kafin shekarar ta ƙare VAT ya koma kashi 15, a farkon 2024 kuma ya kai 18.